Tsofaffin wasannin bidiyo: da daɗinsu har yanzu, ko kewar ƙuruciya ce ke ruɗin mu?

Baban Nafisa (Bagalam):
Assalamu alaikum ƴan uwa. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun shekaranjiya. Muna kwashe kaya daga ɗakin tsohuwarmu saboda ruwa ya taɓa rufin, sai na ci karo da Play 2 ɗina, wato na'urar wasan PlayStation 2, cikin kwali, ƙarƙashin tsofaffin littattafan lakwal. Manet biyu (abin da ake riƙewa a buga wasa), katin ajiya mai mega 8, da faifai uku: wasan ƙwallo na PES 6, San Andreas da God of War. Na kakkaɓe ƙura, na jona ta da plasmar falo, cikin ikon Allah ta tashi.

Na kira ɗan yayata, shekararsa 13, kullum kansa na duƙe kan Free Fire. Na ce zo ka ga ƙwallon da muka buga a zamaninmu. Bai yi minti biyar da manet ba ya ajiye, ya ce: "Kawu, ai fuskokinsu duk ɗaya ne, ciyawar ma kamar fenti aka shafa." Maganar ta yi mini ciwo. Abin da ya fi damuna, da na ƙura wa allon ido sai na ga bai yi ƙarya ba. Ba haka nake tuna hoton ba sam. Amma bayan ya tafi na zauna ni kaɗai, na ɗauki Inter, Adriano ya sako wata daga wajen gidan gola, ban ankara ba sai kiran magariba na ji.

To ku gaya mini tsakani da Allah: wasannin nan suna da daɗi da kansu, ko mu ne muke jin daɗin tuna baya?

Ɗan Zariya 2:
Wa alaikumussalam Yaya. Ni zan faɗa maka abin da ba ka son ji. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ba PES 6 kake kewa ba, kana kewar lokacin da ba ka da kuɗin cefane a wuya, ba ka da haya, abokanka duk suna unguwa ɗaya. Yaron nan shi ne alƙali na gaskiya, don ba shi da abin tunawa. Ya duba, ya ga bai yi ba, ya ajiye. Shi ke nan.

Mai Gyaran Tele (Babbar Kasuwa):
Ku dakata kafin a yanke hukunci. Baban Nafisa, ka ce da plasma ka haɗa ta. Da wace waya? Na san amsar, mai kai uku ce, rawaya da fara da ja. To nan matsalar take, kuma idonka bai yaudare ka ba: hoton da ka gani a 2006 ya fi wanda ka nuna wa yaron kyau.

Shekara ashirin da wani abu ina buɗe bayan tele, bari in yi bayani. Play 2 tana fitar da hoto mai layi wajen 480 ko 576, gwargwadon ƙasar da aka yi ta dominta. Plasmar yanzu layi 1080 gare ta, wata ma fiye. Dole sai telen ta ja hoton nan ta baje shi ya cika allo, kamar a ɗauki ƙaramin hoton katin ɗan ƙasa a ce a mai da shi babban allon talla. Duk wani aibi sai ya fito fili. Tsohuwar tele mai tozo kuwa, haske take harbawa layi bayan layi, gefen kowane ɗigo yana narkewa cikin na kusa da shi. Masu zana wasannin da irin wannan telen suke aiki, sun san za ta tausasa musu zanen, da ita suka yi lissafi.

Na biyu, jinkiri. Plasma sai ta sarrafa hoto kafin ta nuna, sai ka danna buton a ɗan samu tazara kafin ɗan wasa ya motsa. Ido ba ya gani amma hannu yana ji. Wa ya tuna wasan harbin agwagwa, Duck Hunt, mai bindigar roba? Ku gwada shi a plasma, ba za ku kashe ko ɗaya ba, domin bindigar hasken allo take karantawa a daidai lokacin da aka ja kunama, kuma sabuwar tele tana makara. Ina da mai tozo guda biyu masu inci 14 a shago, ba mai tambayar su. Ka zo ka ɗauki ɗaya aro, ka sake kiran yaron.

Baban Nafisa (Bagalam):
Allah ya saka da alheri Malam. Wallahi ban taɓa sanin haka ba. Gobe in sha Allahu bayan azahar ina nan tafe.

Ɗan Zariya 2:
Malam, bayaninka ya shiga, amma ai ka ƙara mini hujja ne. Wasan da sai an nemo masa tele ta musamman kafin ya kallu, ai ya tsufa ke nan.

Mushe Ilu:
Ƙanena na Zariya, kana haɗa abu biyu wuri ɗaya. Ni a ganina tsofaffin wasanni kashi biyu ne, kuma ba tsufa ɗaya suka yi ba.

Akwai na zane shimfiɗaɗɗe, irin su Mario, Contra, Sonic, Street Fighter II. Waɗannan ba su taɓa cewa za su yi kama da duniya ba. Ɗauki Super Mario Bros. na 1985. Dukan wasan kilobait 40 ne, hoto guda da za ka ɗauka da talhonka ya ninka shi sau da yawa. Saboda ƙarancin wuri, gajimaren sama da ciyayin ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Ku je ku duba, in kun gani sau ɗaya ba za ku daina gani ba. Shi kansa Mario, Shigeru Miyamoto ya sa masa hula ne don zanen gashi mai motsi zai yi wuya, ya sa masa gashin baki don a gane hanci ba sai an zana baki ba. Ƙarancin kayan aiki ne ya haifi kamannin da yau duniya duka ta sani. Kuma abin da ke riƙe mutum a wasan ba hoton ba ne, tsallen ne. In ka taɓa buton kaɗan ya yi ƙaramin tsalle, in ka danne ya yi babba, in da gudu ka taho ya yi nisa, in ka saki ya ɗan zame kafin ya tsaya. Wannan ba ya tsufa. Yarana na aji shida da ba su san ko sunan Nintendo ba, ranar da na ba su a talho lokacin hutu sai da na ƙwace.

Kashi na biyu su ne na farkon hoto mai zurfi, zamanin Play 1, wadda ta fito a Japan a ƙarshen 1994. Nan kam na yarda da kai. Tomb Raider da Resident Evil na 1996, a lokacin mun ɗauka ƙarshen fasaha ke nan. Yau in ka kunna, bango yana rawa, mutane kamar an sassaƙa su da gatari. Kuma ko wannan da sauƙi. Abin da ke korar mutum shi ne tuƙin. A Resident Evil na farko in ka danna sama, mutumin gabansa yake tafiya ko ina ya fuskanta, sai ka juya shi a hankali kamar ana juya amalanke a lungu. Hannun da ya saba da sanda biyu na manet ɗin yanzu ba zai jure ba.

Don haka ni ina cewa abin da ke kashe tsohon wasa hannu ne kafin ido.

Ɗan Zariya 2:
Mushe, wannan rabon na karɓa. To PES 6 a wane kashi yake?

Mushe Ilu:
Hotonsa ya tsufa, tuƙinsa bai tsufa ba. Shi ya sa Baban Nafisa ya kai magariba.

Mai Sal (Sabon Gari):
Ku bar ni in yi magana da harshen kasuwa, don ni da wannan nake ci da iyali. A sal ɗina, inda ake biya a buga wasa, Play 4 huɗu gare ni, Play 2 biyu a kusurwa. Samari masu kuɗi a aljihu ba sa ko kallon kusurwar. FIFA suke so, wanda yanzu ake ce wa FC, su ga gumi a goshin ɗan wasa, su ga riga irin ta bana. In babu sabbin ƴan wasa a ƙungiya sai su ce ba su yi. Wannan gaskiya ce, ba na ɓoye ta.

Amma ƙananan yara masu dala biyar, dala goma, su ne ke kan Play 2, kuma ihun da ke tashi daga kusurwar nan ya fi na sauran wurin duka. Yaro ba ruwansa da ciyawa, shi dai ya ci abokinsa. Sannan akwai manya guda uku da ke zuwa daren Asabar, ɗaya ma direban babbar mota ne mai zuwa Kwatano, ba abin da suke bugawa sai PES 6. Sun gwada sabon sun ce ƙwallon ta yi nauyi, ɗan wasa sai ya gama yanga kafin ya ba da fas.

Abba FF:
Ina neman afuwar manya, ni shekarata 19, bari in faɗi namu. Kullum ana cewa mu hoto muke bi. Free Fire hoto ne da shi? Ku kwatanta shi da wasannin Play 5 ku gani. An yi shi ne don ya tashi a ƙaramin talho, shi ya sa ya cika gari. Muna yin sa ne don mutum hamsin ne a fili guda, ina tare da abokina na Zindar da wani na Katsina, muna magana muna tsara yadda za mu yi. Tsofaffin naku kai kaɗai ne da na'ura, ko ku biyu. In ka haddace inda maƙiyi yake fitowa, gobe ma nan zai fito. Mu kuwa mutum ne a gabanmu, ba ka san abin da zai yi ba.

Baban Nafisa (Bagalam):
Abba, ka yi magana mai ma'ana, ban taɓa kallon ta ta nan ba. Sai dai mu ma mutum ne a gabanmu, har kafaɗarsa tana gugar tamu. A sal ɗin unguwarmu benci ɗaya ne, wanda aka ci ya tashi. In ka yi nasara sau biyar a jere, kafin ka iso gida labari ya riga ka. Wa ya tuna Winning Eleven na Play 1, da ake ɗauko Roberto Carlos daga baya a sa shi gaba? Ko Babangida na Najeriya, Tijjani, wanda ya buga wa Ajax, in ya ɗauki ƙwallo a gefe ba mai kamo shi? Har doka aka kafa mana: ba a ɗaukar Brazil sai an yi ƙuri'a.

Ɗan Zariya 2:
Yaya, ka ga ka dawo kan maganata. Benci kake ba mu labari, ba wasa ba.

Maman Walid:
Sannunku da muhawara. Tun ɗazu ina karantawa, duk labarin sal ake yi, wurin da mu mata ba mu taɓa taka ƙafa ba. Wa zai bar ƴarsa ta shiga? Ni ba ni da benci da zan yi kewa, don haka ku saurari tawa. Wasana na farko macijin Nokia 3310 ne, a talhon babanmu, in ya shiga wanka. Sai wata ƴar na'ura mai batir biyu da yayana ya sayo a Jibiya, ta jera bulo, wadda daga baya na san Tetris ake kwaikwayo. Allonta ko launi babu.

Yau ina da ƴaƴa huɗu, ina saida kayan ɗinki, kuma Tetris na cikin talhona. In na gama aikin gida na kwanta, sai na yi zagaye biyu ko uku. Ba don tuna kowa ba. Daɗin yana nan inda yake: ka tara layi huɗu ka bar rami ɗaya a gefe, kana jiran doguwar sandar nan, zuciya na bugawa, ta zo ka zura ta, duka su ɓace. Ƴata mai shekara tara yanzu ta fi ni. Ita wace ƙuruciya take kewa?

Mushe Ilu:
Hajiya, kin kawo hujjar da ta fi tawa. Alexey Pajitnov ya ƙirƙiri Tetris a Mosko a 1984, zamanin Tarayyar Sobiyet. A watan Disamba na 2023 wani yaro ɗan shekara 13 a Amurka, Willis Gibson, ya buga na Nintendo na 1989 har ya kai mataki na 157, wasan ya tsaya cak don lissafinsa ya ƙare. Yaron da aka haifa shekara ashirin bayan fitowar kaset ɗin. Ga kuma Minecraft, komai nasa murabba'i kamar tubalin siminti, an sayar da fiye da miliyan 300, kuma yara da yawa suna yin sa.

Ɗan Zariya 2:
Na sallama a kan Tetris. Amma ku yi adalci. Kaset ɗin nan masu launin rawaya da ake rubuta wasa dubu tara da ɗari tara a jiki, in ka buɗe wasa goma ne ake ta maimaitawa, nawa ne a ciki za ku iya zama ku yi yau? Mario, Contra, na tankokin yaƙi, sai me? Sauran shara ne. Muna tuna biyar masu kyau mun manta hamsin marasa kyau. Kuma wahalarsu fa? Rai uku, in sun ƙare ka koma farko, ba ajiya. Wuta ta ɗauke kana matakin ƙarshe, aikin yini ya tafi. Ni wannan ban yi kewarsa ba ko kaɗan.

Mai Gyaran Tele (Babbar Kasuwa):
Nan kam gaskiyarka. Har da waɗanda ake kawowa daga Kano ƴan Japan ko ƴan Amurka, a jona su a ga hoto baƙi da fari yana gudu, saboda tsarin launinsu daban da na telen gidan. Mutane nawa suka kawo mini suna cewa ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau.

Amma kyan hoto ma ba ya ceton wasa. A Nuwamba 2021 aka sake fitar da GTA guda uku da sabon hoto, har da San Andreas. Mutane suka yi ca, fuskoki sun lalace, ruwan sama ya rufe allo ba a ganin hanya, sai da kamfanin Rockstar mai wasan ya fito ya ba da haƙuri. Tsohon yana da wani hazo ja-ja da ke ɓoye nesa, shi ke sa garin ya yi girma a ido. Da aka share hazon sai aka ga ashe duniyar ƴar ƙarama ce. A shekarar dai kamfanin Konami mai PES ya bar sunan PES ya fito da eFootball, shi ma sai da ya nemi gafara.

Abba FF:
Malam, amma Resident Evil 2 da aka sake a 2019 fa? Na yi shi a sal, na kuma ga tsohon a YouTube. Ba haɗi.

Mushe Ilu:
Ba haɗi kam, Abba. Don ba fenti kawai suka sake ba, tuƙin suka rushe suka gina sabo.

Baba na Tibiri:
Ƴaƴana, ni ban san Play ba, jikana ne ya karanta mini zancenku. Mu dara munka tashi da ita. Gurbi talatin cikin ƙasa, kowa da ƴaƴa goma sha biyu, wani kara wani tsakuwa. Haka kakanninmu sunka yi ta, haka muke yi har yau gindin bedi bayan la'asar. Ba a taɓa sake mata launi ba. Abin da nike so in tambaye ku shi ne, wasan naku yana ƙarewa? Dara in an kira salla sai a tashi. Jikan nan nawa in ya shiga nashi, sai ya ce ba ya iya fita sai an kashe shi.

Maman Walid:
Baba, Allah ya ƙara girma, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Tsohon wasa kana iya tsayar da shi ka je aike ka dawo. Ba ya cin forfe, ba ya neman rizo, ba ya ce maka sayi riga sayi bindiga. Walid ya taɓa kwashe mini jika biyu daga kuɗin ciniki don ya sayi lu'ulu'u a wasa. Ranar na yi kuka, ba don kuɗin ba, don yaron bai taɓa ɗaukar mini ko dala ba kafin nan.

Abba FF:
Mama, Allah ya shirya shi. Wannan yana faruwa, ba zan musa ba. Amma akwai masu yi shekara da shekaru ba su sa ko sisi ba.

Baban Nafisa (Bagalam):
Jama'a na dawo da labari. Na karɓo telen wurin Malam, na ɗauko ta a kabu-kabu na rungume ta kamar jariri. Ya haɗa mini da wata tsohuwar na'urar kaset da manet ɗinta biyu. Gani ya kori ji: PES 6 a mai tozo wani abu ne daban, ciyawar ta koma ciyawa, fas yana fita da zarar na taɓa.

Yaron dai bai sauya ra'ayi a kan ƙwallon ba. Ya ce hoton ya fi na rannan, amma bai san kowa a cikin ƴan wasan ba sai Ronaldo da Messi, kuma Messin ma yaro ne mai dogon gashi. San Andreas ya yi minti goma ya ce harbin yana ba shi wahala.

Sai na sa Contra, mu biyu. Na nuna masa ya kama bindigar nan mai harafin S, mai watsa harsashi. A mataki na uku, na hawan ruwa, ya yi ta tsalle sama bai jira ni ba, allo ya hau ya bar ni a ƙasa, raina ya tafi. Na ce ka kashe ni fa. Ya ce yaya aka yi? Na ce a nan in ka yi gaggawa ɗan uwanka ne ke mutuwa. Daga nan ya riƙa tsayawa a kowane dutse yana cewa "Kawu hawo, Kawu hawo." Da rayukansa suka ƙare ya gano yana iya cirar ɗaya daga nawa, ya cira bai tambaye ni ba, muka yi ta gardama har uwarsa ta leƙo. Ba mu wuce mataki na biyar ba. Ko sau ɗaya bai ambaci hoto ba.

Ɗan Zariya 2:
Yaya, ɗaya cikin uku ke nan. Ƙwallon da ka buɗe zancen dominta ai ya ƙi ta.

Baban Nafisa (Bagalam):
Ya ƙi ta, ban musa ba. Amma yau da safe kafin ya tafi lakwal ya biyo ya ce kar in mayar da telen sai mun ga ƙarshen Contra. Malam, ka ƙara mini mako guda.

Mai Gyaran Tele (Babbar Kasuwa):
Riƙe ta har wata. Sai dai kar ka ajiye ta kusa da lasifika, maganaɗisu yana ɓata mata launi. Manet ta biyun kuma buton B ɗinta yana ɗan maƙalewa, ka kawo in sauya robar.

Mai Sal (Sabon Gari):
In kun yarda ku kawo ta nan daren Asabar, in janye plasmar kusurwa in ɗora ta. Manyan nan uku za su so ganin PES 6 a kanta. Ɗan Zariya, kai ma ka zo, benci na nan. Abba, ka taho da abokanka biyu.

Abba FF:
Zan zo Yaya. Akwai Street Fighter?

Mai Sal (Sabon Gari):
Akwai. Bayan isha'i.